Distract: kalmar Turanci ta ɗauke hankali da yadda ake amfani da ita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kalmar da za mu duba yau ita ce distract. Duk mazaunin Legas ya sha jin ta, ko a bakin malamin makarantar yaransa, ko a bakin oga a wurin aiki, ko a rediyo idan 'yan siyasa suna cacar baki. Amma da yawanmu idan lokacin amfani da ita ya zo sai mu kama disturb, don ita ce ta fi zama a bakinmu.

Distract na nufin ɗauke wa mutum hankali daga abin da ya sa a gaba, wato shagaltar da shi. Sai akwai aikin da mutum yake yi, sannan wani abu ya zo ya raba shi da aikin. In babu abin da aka baro, kalmar ba ta da wurin zama.

Mu leƙa kasuwar Mile 12. Dillalin tumatir ne zaune a kan benci, ya tsoma yatsa a ruwa yana ƙirga kuɗin ciniki, ya kai dubu tamanin da wani abu. Sai yaron shagonsa ya matso da labarin ƙwallon jiya. Ya ɗago kai ya saurara, da ya mayar da ido kan kuɗin, lissafi ya tsere, sai an sake daga farko. Abin da zai ce da Turanci shi ne: "Don't distract me, I'm counting money." Ku lura, yaron bai yi masa ihu ba, bai ɓata masa rai ba. Labarin ma daɗi ya yi masa, shi ya sa ya tafi da hankalinsa.

Nan ta rabu da disturb. Ita disturb damu ce da hana sakat. Janareton maƙwabci da ya hana ka barci da tsakar dare ya yi disturbing ɗinka ne, domin mai barci ba shi da wani aikin da za a ɗauke masa hankali daga kai.

Asalin kalmar daga Latin ne. Gaɓar farko, dis, na nufin rabewa ko warewa gefe, sauran kuma ya fito daga trahere, wato ja. Daga wannan tushen aka samo tractor, taraktar da ke jan garma a gona, da kuma attract. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba, domin muna da jawo, muna da janye. Attract jawo hankali ne zuwa ga abu, distract kuwa janye shi ne daga abu.

Wannan "daga" ɗin shi ne from a cikin jimla. "The phone distracted him from his work", waya ta ɗauke masa hankali daga aikinsa. In aikatau ne, wato kalmar aiki, ya biyo bayan from, sai ya ɗauki -ing: "You are distracting me from reading." Kada a ce from read.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin distracted da distracting. Ɗalibi ya je gaban malami yana son ya ce hankalinsa ya rabu, sai ya ce: "Sir, I am distracting." To, ya kai ƙarar kansa ke nan, don ya ce shi ne ke shagaltar da 'yan ajin. Wanda aka ɗauke wa hankali shi ne distracted. Abin da ke ɗauke hankalin, waya ce ko hayaniya, shi ne distracting. Sunan abin kuma distraction, kalmar da 'yan siyasarmu ke ƙauna ƙwarai. Da an taso ɗayansu da tambaya mai nauyi sai ka ji ya ce: "This is a distraction."

A kan hanya ma za ku ji ta. Distracted driving shi ne tuƙi hankali na wani wuri, kuma amfani da waya a kan sitiyari laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC da na LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas ke kama mutane a kai. Direban danfo da ke amsa waya da hannu ɗaya, yana faɗa da kwandasta kan canji, shi ake nufi.

Ba kullum ce ta sharri ba. An kai jariri rigakafi, ma'aikaciyar jinya ta ce wa uwar: "Distract the baby." Uwa ta kaɗa masa makullai a gaban ido, kafin ya ankara allura ta shiga. Irin dabarar ce 'yan sane ke yi a cunkoson tasha, ɗaya ya bangaje ka yana ba da haƙuri, ɗayan ya zare waya daga aljihu.

Akwai 'yar uwarta, divert, wadda ke nufin karkatarwa. Lokacin da aka rufe gadar Third Mainland don gyara a farkon 2024, an karkatar da motoci zuwa wasu hanyoyi, kuma divert aka yi ta faɗa a labarai. Ita ce kuma ake ji idan ana zargin wani da karkatar da kuɗin gwamnati. Ana iya cewa divert attention, a karkatar da hankalin jama'a. Amma ba a cewa an yi distracting ɗin mota ko kuɗi, sai mai hankalin da za a ɗauke, mutum ko dabba.

Saura furuci. Gaɓa biyu ce kawai, kuma nauyin yana kan ta biyun: dis-TRAKT. Harshenmu na son cusa wasali tsakanin baƙaƙe, sai ka ji ana cewa distirak, har t ɗin ƙarshe ya faɗi. A haɗe s da t da r a numfashi ɗaya, a rufe da kt. Idan abin ya riga ya faru sai ta zama gaɓa uku: dis-TRAK-tid. Ku maimaita tare da ni: distract, distracted, distracting.