Amsoshin Tambayoyinku: Wane Wata Ya Fi Dacewa a Goya Jaka a Fita Ganin Duniya?

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suke: yawon buɗe ido irin na mai ƙaramin ƙarfi, wanda zai goya jakarsa ya tsallaka wata ƙasa, ya hau motar haya, ya kwana a masauki mai arha. Tare da ni akwai wani dattijo da ya daɗe a harkar shirya tafiye-tafiye. Alhaji, sannu da zuwa.

Alhaji: Yawwa, sannu dai.

Mai gabatarwa: Bari mu fara da gajeru. Wata 'yar'uwa daga Maraɗi tana tambaya ko za ta iya yin allurar shawara ranar tafiya. A'a, ƙanwata, sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki. Amma sau ɗaya ake yin ta, ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Sai wani daga Zariya, ya ce saura wata 3 fasfonsa ya ƙare, yana son zuwa Turkiyya. Bazazzage ke nan, sai an buga gangar tafiya zai fara neman takalmi! Ƙasashe da yawa suna son ya kasance saura aƙalla wata 6. Je ka sabunta, sannan mu yi maganar watan tafiya.

To, ga wadda ta fi yawa, don mutane da dama sun aiko da irinta. Wani ɗalibi daga Kano ya ce ya tara ɗan abin da ya tara, yana son zaga Maroko, hutunsa kuma a Agusta yake. Shin lokacin ya yi? Alhaji, bismillah.

Alhaji: Ai Maroko ƙasa ce mai daɗin tafiya. Ka ga jirgin ƙasansu mai gudun nan da suka buɗe a 2018, daga Tanja zuwa Kasablanka awa biyu da 'yan mintoci ne. Akwai kuma manyan motocin safa masu tashi kan lokaci, ba sai an jira ta cika ba. Sannan shayinsu na na'a-na'a, in ka zauna a kasuwar Fas...

Mai gabatarwa: Alhaji, ranka ya daɗe, watan yake tambaya.

Alhaji: Af, to. Agusta dai bai yi ba, gaskiya. A Yuli da Agusta zafin Marrakesh yakan wuce digiri 40. Na san abin da yaron nan zai ce: mu da muka saba da bazarar Kano? To, ɗana, a gida da azahar kana ƙarƙashin inuwa, ga randa kusa. Can kuwa kana tafe ne a ƙafa, kaya a bayanka, kana neman masaukin da ba ka san layinsa ba. Na biyu, Agusta ne Turawa suke hutu, kuma lokacin ne 'yan Marokon da ke zaune a Faransa da Sifaniya da Beljiyam suke tsallako teku su zo ganin gida. Garuruwan bakin teku su cika, ɗakin kwana ya yi tsada, tikitin mota ma sai ka riga wani.

Mai gabatarwa: To ya bari sai sanyi ke nan, Disamba ko Janairu?

Alhaji: Nan ma da sauran magana. Mutanenmu suna ɗauka duk ƙasar Larabawa zafi ce. A Ifran dusar ƙanƙara take zuba. Fas da dare sanyi har cikin ƙashi, kuma yawancin masaukan masu arha ba su da abin ɗumama ɗaki, sai dai a ƙara maka bargo. Mai jakar goyo kuwa in ya cusa rigunan sanyi, jaka ta cika. Abin da nake gaya wa kowa shi ne ya nemi tsakani: Afrilu da Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ba zafi can, ba sanyi can, taron ma ya ragu.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don mai rubutawa. Maroko: Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba. In kuma hutun Agustan ne kaɗai gare shi fa?

Alhaji: Sai ya sauya hanya. Ya bi gaɓar teku, irin su Essaouira, inda iska ba ta tsayawa, sai dai ya kama ɗaki tun da wuri. Ko ya hau duwatsun Atlas. Dutsen Tubkal da ke cikinsu tsayinsa mita 4,167, kuma lokacin zafi ne ƙanƙarar kansa take narkewa har wanda ba gwani ba ya iya hawa. Sahara kam ya bar ta sai wani jiƙon.

Mai gabatarwa: Ni kuma zan ƙara da azumi, don mutane suna mantawa. Kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, saboda haka a duba kalanda kafin a yanki tikiti. A Maroko yawancin wuraren cin abinci a rufe suke da rana, dab da magariba kuma samun tasi sai an dace. Wasu suna sha'awar hakan, su sha ruwa da miyar harira da dabino cikin jama'a. Matafiyi yana da rangwame, amma ramuwa tana jiransa. In ni ne dai, in yi Sallata a gida, sannan in ɗau jaka.

Saura 'yan mintoci. Wani daga Garwa yana son Kenya: ka kauce wa Maris zuwa Mayu, ruwa ake yi sosai. Yuli zuwa Oktoba garken namun daji suke ƙetaro kogin Mara daga Tanzaniya, amma lokacin ne kuɗin komai yake tashi.

Wata daga Kumasi za ta je Afirka ta Kudu a Yuli, wai me za ta ɗauka? Rigar sanyi, Hajiya. Su lokacin ne hunturunsu.

Akwai mai tambayar watan da ya fi sauƙin ɓacewa a Turai in ya shiga da bizar yawo. Haba malam! Bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kwana 90 ce cikin 180, kuma irin wannan ne ke ja wa na baya wahala a ofishin jakadanci. Ba mu da amsarka.

Ta ƙarshe, wani manomi daga Funtuwa ya ce ba ya motsawa sai ya kai amfani gida. Baba, ai kai ka fi kowa dacewa. Nuwamba zuwa Fabrairu ne Masar take da daɗin yawo, musamman Luksor da Aswan, haka ma yawancin Indiya bayan daminarsu ta ɗauke. Alhaji yana ɗaga hannu zai ƙara bayani, amma mai kula da na'ura ya riga shi. Sauran saƙonnin sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.