Lacca: Taimakon da mai ciwon daji da mai jinyarsa ya kamata su nema

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Idan likita ya ce wa mutum yana da ciwon daji, hankalin iyali gaba ɗaya yakan koma kan abu uku: tiyata, kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji), ko gashi (ƙona dajin da hasken na'ura). To amma akwai wani ɓangare na kulawa da yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da waɗannan, wanda mutane da yawa ba sa samu don kawai ba su san ana tambayarsa ba. Shi nake so mu tsaya a kai yau.

Sunansa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta ɗora harsashinsa na zamani lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Ta lura cewa zafin da mai wannan ciwo yake ji bai tsaya a jiki ba: akwai tsoro, akwai damuwar iyali da kuɗi, akwai tambayoyin da suka shafi imani. A 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, amma kashi 14 cikin 100 kacal ke samu. Ina roƙonku ku cire tunanin cewa sai an fid da rai ake kiran ma'aikatan wannan kulawa. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka kan masu ciwon dajin huhu da ya bazu, mutum 151. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun farko sun fi jin sauƙi, baƙin cikinsu ya ragu, har ma sun ɗan fi sauran tsawon kwana. Saboda haka ku tambaya tun makon farko.

Mu zo kan zafi, don nan ne aka fi yin kuskure. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa mai ɗan ƙarfi kamar kodin, in har yanzu da zafi a ba da mofin. Ƙa'idar ita ce a sha a kan lokaci. Mofin na sha mai saurin aiki awa 4 yake yi a jiki, don haka duk awa 4 ake ba da shi, ko da mara lafiya bai yi kuka ba. Iyali da yawa sukan jira sai ya fara murƙususu sannan su ɗauko kwalbar. A lokacin zafin ya riga ya yi nisa, sai an ƙara yawan maganin kafin ya lafa. Likita kan rubuta ƙarin ɗan kaso na ko-ta-kwana don zafin da ke tasowa a tsakani. Ku rubuta sau nawa aka sha shi a rana, da wannan lissafin zai gyara ma'aunin. Tsoron kada mutum ya zama ɗan ƙwaya kuwa, ga mai shan mofin saboda zafin daji bisa umarnin likita, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da kusan kowa zai gamu da shi shi ne taurin bayan gida, domin maganin yana rage motsin hanji. Ranar da aka fara mofin, ranar za a fara maganin sassauta ciki. Jiri da gyangyaɗi kan wuce cikin 'yan kwanaki, taurin ciki ba ya wucewa da kansa.

Sai zazzaɓi. Don Allah mai jinya ya buɗe kunne a nan. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi. Idan ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko sama a wannan tsakani, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba da farasitamol a ce bari mu ga safiya: zai saukar da zafin jikin, ya ɓoye alamar, ƙwayar cutar kuwa tana ci gaba da yaɗuwa a jini. Haka nan sabon ciwon baya mai tsanani tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari. Yana iya nufin dajin ya danne lakar gadon baya, kuma jinkirin awanni yana iya jawo shanyewar ƙafa.

Wanda ya kwanta ba ya iya tashi, a juya shi duk awa 2, a duba ƙugu, duga-dugai da ƙashin bayan gindi. Jan tabon da bai gushe ba bayan an ɗaga nauyin jiki daga kansa, farkon gyambon kwanciya ke nan. Cikin awa 48 bayan kemo, a sa safar hannu wajen kwashe amai ko fitsari. Duk wani maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari da ake sha, a faɗa wa likita, domin wasu suna rage ƙarfin kemo, wasu suna wahalar da hanta.

A manyan asibitoci akwai jami'in walwalar marasa lafiya. Aikinsa ya haɗa ku da asusun tallafi, ƙungiyoyin agaji, masauki ga masu zuwa daga nesa, da takardun inshora ko na hutun aiki. Ku nemi ofishinsa kafin aljihu ya ƙare. Akwai kuma masanin abinci, likitan gashin ƙashi, mai ba da shawara kan damuwa, da zaman da waɗanda suka sha wannan ciwo suke yi da sababbi. Wani abin da mara lafiya ba zai iya faɗa wa matarsa ba, zai faɗa wa wanda gashin kansa ya zube ya kuma sake tsirowa.

Yanzu ke da kike jinya, da kai da kake jinya. Sau da yawa mutum ɗaya ake bar wa komai, yawanci mace, har ta kai ba ta barci, ba ta cin abinci, ta fara faɗa da wanda take ƙauna sannan ta zauna tana zargin kanta. Wannan gajiya ce, kuma tana da magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauna a raba aiki da suna da rana: wane ke kwana ran Litinin, wane ke kai shi asibiti, wane ke riƙe lissafin kuɗi. Wanda ya ce “in da abin yi a faɗa mini”, a ba shi takamaiman aiki nan take. Idan mai jinya ya yi mako biyu cikin ƙunci, babu barci, babu sha'awar komai, shi ma ya ga likita.

A tanadi littafi guda. A rubuta sunan kowane magani, yawansa da lokacinsa, zafin jiki, ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, da tambayoyin da za a yi wa likita. A shafin farko a sa lambar da za a kira da dare. Duk wanda ya karɓi jinya, littafin za a fara miƙa masa, kuma da shi za a je asibiti kowane zuwa.