Saƙon Aiki Bayan an Tashi: Wa Zai Sa Iyaka?

Wannan lacca ce da aka gabatar a Birnin Kebbi a gaban shugabannin sassa, shugabannin makarantu da masu ƙananan kamfanoni. An rubuto ta daga rikodin, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayena da yayyena, Alhazai da Hajiyoyi, musamman waɗanda suka yi sammako daga Argungu, Jega, Yauri da Zuru, sannunku da hanya. Allah Ya ba da ladan zama.

An ce in yi magana a kan saƙonnin da ma'aikata ke turo wa shugabanninsu bayan an tashi aiki. Yadda aka kawo mini batun, laifin duk a wuyan ma'aikaci aka rataya shi: shi ne bai san lokaci ba, shi ne mai damun mutane. Ni kuwa abin da na zo da shi yau, sau da yawa shugaba ne ke koya wa na ƙasa da shi wannan ɗabi'a, kuma shi kaɗai ke da ikon gyara ta. Ƙaramin akawu ba ya kafa wa ofis doka. Ku ne masu kafawa.

Da yawanmu a nan mun fara aiki kafin 2001, shekarar da wayar hannu ta shigo Najeriya. A wancan lokaci, in an tashi ƙarfe 4 an tashi ke nan. Idan wani abu ya taso da dare, sai a tashi masinja ya hau keke ko babur, ya je ƙofar gidan darakta, ya yi sallama, a aiko yaro ya ji ko wane ne. Wannan wahala ita ke tace al'amura. Ba wanda zai yi tattaki har unguwarku don ya tambaye ka ko gobe za a kawo takardar buga jarrabawa. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, bayan 'yan shekaru kowane ofis ya buɗe zaurensa, wahalar ta kau, matatar ma ta kau tare da ita.

Gidan Bahaushe yana da zaure, nan baƙo ke tsayawa har a ba shi izini. Waya ba ta da zaure. Saƙo yana faɗowa ne kai tsaye cikin ɗakin kwananka, kan tabarmar da kake cin tuwo da 'ya'yanka.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin wasu suna ganin maganar sa iyaka baƙuwar al'ada ce, ko girman kai ne. Ku buɗe Suratun Nur, aya ta 58. Allah Ya ware lokuta 3 da ko 'yan hidimar gida da yaran da ba su balaga ba sai sun nemi izini kafin su shigo wa mutum: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. Ku lura, waɗannan mutanen cikin gida ne, masu kai da komo a tsakaninku. To ina ga abokin aiki? A cikin surar dai, aya ta 27 da 28, aka hana shiga gidan wani ba da izini ba, aka kuma ce in an ce maka ka koma, ka koma, shi ya fi tsarki. Ba a ce ka yi fushi ba, ba a ce an wulaƙanta ka ba. Ga kuma hadisin Abu Musal Ash'ari da Sayyidina Umar, cewa neman izini sau 3 ne, in ba a amsa ba ka juya. Yanzu sai mutum ya kira sau bakwai a jere, sannan ya biyo da saƙo: "Ranka ya daɗe, na kira ba ka ɗauka ba."

Wadda ta fi kusa da batunmu ita ce ta Suratul Hujurat, aya ta 4 da 5. Malaman tafsiri sun ce wata tawaga ta Banu Tamim ce ta zo Madina, suka tsaya bayan ɗakunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suna ƙwala masa kira yana hutawa. Buƙata ce ta kawo su, amma aka ce da sun yi haƙuri har ya fito da ya fi musu alheri. Wanda ya fi kowa tausayin mutanensa ke nan aka tsare wa lokacin hutunsa. Don haka kada wani shugaba a cikinku ya ji kunyar cewa yana da lokacin da ba na ofis ba. Salmanul Farisi ya faɗa wa Abud Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, kuma Annabi ya gaskata shi.

To me ke sa ma'aikaci ya turo saƙo ƙarfe 11 na dare? Ruwa ba ya tsami banza. Wani tsoro ne. An taɓa yi masa faɗa a gaban mutane cewa bai sanar da wuri ba, shi ya sa yanzu komai ƙanƙantar abu sai ya sauke shi a kanka, gobe in ya lalace ya ce ai na gaya wa oga. Wani neman fada ne, yana so a san ba ya barci saboda aiki. Wani kuma da rana bai ga fuskarka ba: kana taro, kana gidan gwamnati, kana ta'aziyya, ko ƙofarka cike take da baƙi. Dare ne kaɗai ya rage masa. Wannan na ƙarshe ba shi da laifi ko kaɗan, kuma maganinsa yana hannunka. Ware rabin awa kowace safiya da duk ma'aikaci zai iya shigowa ba tare da ya bi ta kan kowa ba, za ka ga saƙon dare ya ragu da kansa.

Sai babban dalilin, wanda na fara da shi. Yallaɓai, kai ma kana turawa. Abu ya faɗo maka a rai bayan isha'i, ka ɗauki waya ka jefa shi a zauren ofis don kada ka manta. A wurinka tunatarwa ce, a wurin na ƙasa umarni ne. Mutum goma sha za su rubuto "An gama, ranka ya daɗe," wanda bai rubuto ba ya kwana da fargaba. Tun 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗiyar alamar nan mai nuna an karanta saƙo, ba wanda ke iya cewa ban gani ba. Kuma ranar da ka amsa wa ma'aikaci tambayar da ba ta gaggawa ba da tsakar dare, ka sanar da duk ofis cewa tsakar dare lokacin aiki ne.

Wasu ƙasashe sun kai abin ga doka. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2017 kamfanin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama dole ya tattauna da su kan yadda za a kare lokacin hutunsu daga saƙonnin aiki. A Ostareliya, daga Agustan 2024 ma'aikaci na da damar ƙin duba ko amsa saƙon aiki bayan tashi, sai in ƙin nasa ya saɓa wa hankali. Tun kafin su, a 2011, kamfanin motoci na Volkswagen a Jamus ya tsara cewa imel zai daina isa wayoyin wani rukuni na ma'aikatansa minti 30 bayan sun tashi. Duk waɗannan ma'aikaci suke karewa daga shugaba. Tamu Dokar Ƙwadago, a sashe na 13, ta yi maganar hutun awa 1 ga wanda ya yi aikin awa 6 zuwa sama, da kwana 1 na hutu a kowane mako, amma an rubuta ta tun ba a san wayar hannu ba. Saboda haka a wurinmu tsarin cikin ofis ne zai yi aiki, kuma ba sai kun jira majalisa ba.

Yaya za a yi tsarin? Kada ka fara da yin shiru. In ka daina amsawa haka kawai, Bahaushe zai ɗauka fushi kake yi da shi, ya shiga neman wanda zai ba ka haƙuri. Tara su a taron safiyar Litinin, ka faɗa da bakinka: daga magariba zuwa ƙarfe 7 na safe, da Asabar da Lahadi, ba na duba saƙon aiki, ku ma ba na sa ran ku duba nawa. Wannan rabin na biyu shi ke sa su yarda. Iyakar da ta kare shugaba kaɗai, ma'aikata za su kira ta mulki. In ta kare kowa, su da kansu za su tsare ta.

Sannan a bar ƙofar gaggawa a buɗe, a kuma faɗi mece ce gaggawa, don kada kowa ya fassara ta yadda ya so. Rai, lafiya, gobara, sata, ambaliya, tsaro. Mu da muke Kebbi, da maƙwabtanmu na Zamfara, ba ma buƙatar a yi mana bayanin wannan. Shugaban makarantar kwana ba shi da ikon kashe waya da dare. Wanda ya tura ma'aikata aiki ƙauye, ba zai kwanta ba sai ya ji sun iso lafiya. Mai kula da asibiti haka. Ga irin waɗannan, ƙa'idar ita ce a kira, kada a rubuta. Kira na gaggawa ne, rubutu na gobe ne. Wayoyin yanzu suna da tsarin da za ka rufe ƙarar komai ka bar wasu lambobi kaɗan su shigo, ku sa yaranku su nuna muku. Wurin da aiki ba ya tsayawa kuma a yi jadawalin karɓa-karɓa, kowane mako a san wanda ke riƙe da wayar, kada kullum ya zama mutum ɗaya.

Ina roƙon ku kada ku haɗa wannan da zumunci. Ma'aikacinka ya kira ƙarfe 2 na dare mahaifinsa ya cika, ko matarsa na naƙuda ba mota, wannan ba saƙon aiki ba ne. Tashi ka je. Duk tsarin da zai hana ka wannan, ba ni na kawo muku shi ba.

Akwai abu biyu da ba a cika faɗa a irin wannan taro ba. Na farko, 'yan uwanmu mata. Hajiyoyin da ke nan sun san abin da nake nufi. Matar aure tana zaune da mijinta, waya na ƙara ƙarfe 10 na dare, sunan namiji ya fito. Ko maganar rahoton wata ce, an riga an jefa wani abu a zuciyar maigida. Akwai matan da aka hana aiki a kan wannan, akwai iyayen da ke jan ƙafa wajen barin 'ya'yansu mata su karɓi aiki saboda shi. Ofis ɗin da ya rufe saƙon dare ya sauƙaƙa wa mace zama a bakin aikinta, ya kuma kare mutuncin shugaban kansa daga zargi.

Na biyu, fayil. Ma'aikaci ya turo saƙon murya da dare: "Yallaɓai, a sayi man janareta?" Kai kuma cikin magagin barci ka ce a saya. Nawa? Daga wane asusu? Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, takarda za su nema mai sa hannu da kwanan wata. Wataƙila wayar ta ɓace, ko an goge saƙon. Duk abin da ya shafi kuɗi, hutu, canjin wurin aiki ko ladabtarwa, amsarsa ɗaya ce: rubuto, mu haɗu a ofis.

Wanda ya manta ya turo bayan an yi tsari, kada a kunyata shi a zaure. Ka bari sai safiya, ka amsa masa da fara'a, ka biya masa buƙatarsa da wuri. In ya ga saƙon safe ya fi saurin samun amsa, zai koma safe. In ya ci gaba, ka kira shi gefe ku biyu. Kai kuma abin da ya faɗo maka da dare, rubuta shi a takarda ka ajiye kusa da makullin mota. Da azumi a sake zama a duba lokutan, domin barcin mutane da tashinsu suna sauyawa, kuma daga shan ruwa zuwa ƙare tarawihi bai kamata a nemi kowa ba.

Ga wani Malam can baya ya ɗaga hannu. Bismillah, Malam.

Ga waɗanda ba su ji ba, yana cewa shi firinsifal ne, kuma sau da yawa daga sama ake turo masa da dare a ce gobe da safe ana son sunayen malamai ko adadin ɗalibai, to dole shi ma ya tashi na ƙasa. Gaskiya ne, Malam, kuma mafi yawanku a tsakiya kuke, akwai na sama akwai na ƙasa. Abin da zan ce, irin bayanan da ake yawan nema ba su da yawa, kuma kun san su: sunayen ma'aikata da matakin albashinsu, adadin ɗalibai maza da mata aji-aji, kayan da ke sito. Ka sa a sabunta su farkon kowane zango, kwafi ɗaya a wayarka, ɗaya a wurin mataimakinka. In an nema da dare ka tura da kanka, ba ka tashi kowa ba. Abin da ba ya cikin waɗannan, ka amsa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na gani, in sha Allahu kafin ƙarfe 9 yana teburinka." In kuwa lallai sai a daren, ka kira mutum ɗaya da abin ya shafa, kada ka jefa a zauren mutum arba'in, ka ba shi haƙuri, washegari ka sallame shi da wuri.

Na ga masu shiri suna nuna mini agogo, azahar ta yi. Sauran tambayoyin sai mun dawo daga masallaci. Wassalamu alaikum.