Ɗago Tsohon Jirgi Daga Ruwa: Aikin Da Bidiyon Bai Nuna Muku Ba

Assalamu alaikum jama'a. Kun sha ganin irin wannan bidiyon: an ɗaure katako da igiya, inji yana ja, tsohon jirgi ya leƙo daga cikin teku, ana ta tafi. Sai tambaya ta biyo baya: wane karatu ake yi a zama mai wannan aiki na binciken kayan tarihi a ƙarƙashin ruwa? Da yawa sun ɗauka iya nutso shi ne jari.

Nutso hanya ce kawai ta isa bakin aiki. A zurfin mita 30, mai nutso da iskar tulu yana da kimanin minti 20, daga nan sai ya fara hawowa. A ɗan wannan lokaci zai auna, ya zana, ya ɗauki hoto, ya rubuta inda kowane abu yake kwance. Wahalar tana farawa ne ranar da aka fito da itacen jirgin.

[Hoton jiƙaƙƙen katako, kusa da kusa]

Ku duba wannan. A ido lafiyarsa ƙalau, har sawun gatari ana gani. Amma shekaru aru-aru da ya yi a ruwa, ƙwayoyin bakteriya sun cinye ƙarfin cikinsa, sun bar ɓawo, ruwa ya cike gurbin. Ruwan nan ne ke riƙe da siffarsa. Ka danna da yatsa ya loɓa. Ka bar shi a rana, ruwan ya tsere, sai ya yanƙwane ya karkace kamar kuɓewar da aka shanya, kuma ko ka sake jiƙa shi ba ya komawa yadda yake. Abin da laka ta adana shekara dubu, iska ta lalata shi cikin kwanaki.

Shi ya sa ake haɗa tankin ruwa tun kafin a taɓa komai. Idan daga teku aka ciro shi, sai an jiƙa shi a ruwan daɗi, ana canzawa ana auna gishirin har ya ragu, don gishiri in ya bushe a cikin itace fasa shi yake yi. Daga nan a shiga maye gurbin ruwan da wani sinadari mai kama da kaki, PEG, a hankali ana ƙara ƙarfinsa. In aka yi gaggawa, kakin ya tsaya a waje, ciki ya rufta.

Jirgin Vasa na Suwidin ya nutse a 1628, aka ɗago shi a 1961, aka yi shekara 17 ana fesa masa PEG. Mary Rose na Ingila ya nutse a 1545, ya fito a 1982, feshin kakinsa ya kama daga 1994 zuwa 2013. Kuma ko bayan haka Vasa bai huta ba: wajen shekarar 2000 aka ga farar wutar da ta shiga katakon tana rikiɗa ta zama asid. Ƙarfe ma haka, gishirin da ya shige shi yana ci gaba da cinsa daga ciki.

Wannan ne dalilin da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa ta ce zaɓi na farko shi ne a adana abu a inda yake. Ni a ganina, duk wanda ya ciro itace ba tare da tanki da kuɗin shekarun jinya ba, ɓarna ya yi.

[Taswirar Jihar Yobe]

Kada ku ce wannan zancen mutanen bakin teku ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi: kwalekwale mai tsawon mita 8.4, mai shekaru kusan 8,000, mafi daɗewa da aka sani a Afirka. Danshin ƙasa ne ya riƙe shi, don haka shi ma jinya irin ta Vasa yake buƙata.

To, hanyar karatun. Digiri na farko a ilimin binciken kayan tarihi, akwai shi a ABU Zariya da Ibadan da Nsukka. Digiri na biyu a ɓangaren ruwa: Southampton a Ingila, Texas A&M a Amurka, Flinders a Ostireliya, ko Jami'ar Iskandariya a Masar. Mai son koyarwa a jami'a sai ya ƙara da digirin digirgir da wallafa bincike. Takardar shaidar nutso ana samunta a hanya.

Shawarata, ku riƙe darasin kemistiri da kyau, ku koyi zanen taswira da haɗa hotuna su ba da siffar abu a kwamfuta, sannan ku saba da karanta tsofaffin takardu. Misali, jirgin São José, wanda ya nutse kusa da Cape Town a 1794 ɗauke da bayi daga Mozambik, takardun ajiyar tarihi ne suka taimaka aka tabbatar shi ne, aka sanar a 2015.