Darasi: Yadda Ake Tausar Tabo Ya Yi Laushi

Assalamu alaikum, masu sauraro. Yau a kan tabo za mu tsaya, na tiyata ko na ƙuna ko na yanka, wanda ya warke amma ya yi tauri, yana ja in an motsa.

Lokacin da rauni ke haɗewa, jiki yana zuba sinadarin kolajin, wato abin da ke ɗinke nama, a gaggauce, sai zarensa ya kwanta a cukurkuɗe, wani lokaci har fata ta manne da naman da ke ƙarƙashinta. Wannan mannewar ita muke son sassautawa.

Kada ku fara sai raunin ya rufe ruf, an cire ɗinki, ɓawon ciwo ya faɗi da kansa, babu ruwa babu mugunya. Ga wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, yawanci sai bayan mako 6. Kowane iri ne dai, a bari likita ya duba ya ba da izini.

To, a wanke hannu, a yanke farce. Ku ɗora tafin yatsu biyu a gefen tabon, tukuna ba tare da mai ba. Ku saurara da kyau a nan, domin a nan mutane da yawa ke kuskure: yatsa ba zamewa zai yi a kan fata ba, fatar zai ɗauka ya tafi da ita. Ku danna kaɗan, ku tura sama, ku dawo, ku tura ƙasa, sannan dama da hagu. Ɓangaren da kuka ji fatar ta ƙi tafiya, nan aikin yake. Ku tsaya a wurin, ku riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, kuna numfashi a hankali, har ku ji ta ɗan saki. Jin ja ba laifi ba ne. Zafi mai sa mutum cije leɓe kuwa alama ce ƙarfin ya yi yawa, kuma ƙarfi yana iya tayar da bororo ko ya buɗe ciwon.

Bayan 'yan makonni, in wurin ya jure, sai ku hau kan tabon kansa: murzawa a zagaye, bin tsawonsa, da tsallaka shi. Daga baya ku kama shi tsakanin babban yatsa da manuni, ku ɗaga a hankali. A ƙarshe ne ake shafa mai marar turare, irin su basilin, don rage bushewa da ƙaiƙayi. Minti 5, sau 2 ko 3 a rana ya wadatar.

In tabon ba ya son ko taɓawa, ku fara da shafa auduga, daga baya tawul mai laushi, har fatar ta saba.

Tabo yana ɗaukar shekara 1 zuwa 2 kafin ya gama nuna, don haka kada ku karaya a wata na farko. Ku kare shi daga rana, domin tana sa shi duhu. Ku dakata ku je asibiti in ya kumbura, ya ɗauki ɗumi, ko ya fara tsatstsafo da ruwa. Wanda kuma ya tashi ya wuce iyakar raunin yana ci gaba da girma, wato keloyid, tausa ba ta mayar da shi. Likitan fata zai duba ko allura yake buƙata ko mannin silikon, wato wata irin filasta da ake liƙawa a kan tabo.