Layi ɗaya na rabawa da ke hana kanel ɗin Linux haɗuwa

Ku kalli wannan misalin. Wani ya rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa wata na'ura, ya haɗa kanel (zuciyar tsarin Linux), wato ya juya rubutun zuwa shirin da kwamfuta ke iya gudanarwa, a kwamfutarsa mai bit 64, komai ya tafi sumul. Da aka gwada haɗa shi don na'ura mai bit 32, sai aiki ya cije ana dab da gamawa, da wannan saƙon: undefined reference to __udivdi3.

Ku bincika duk abin da ya rubuta, ba za ku ga sunan nan ba. To daga ina ya ɓullo?

Daga GCC, kompailar da ke fassara rubutun shiri zuwa umarnin na'ura. Ga layin: lamba mai bit 64 ce aka raba da wata, da 'yar alamar rabawa ta yaren C. Furosesa mai bit 64 umarni ɗaya ya ishe shi wannan lissafi. Mai bit 32 kuwa ba shi da wannan umarnin, sai kompaila ta yi shiru ta saka kira zuwa wani ɗan aikin taimako, wato __udivdi3 ɗin, da ke cikin libgcc, rumbun ƙananan ayyuka na GCC. A manhajojin yau da kullum babu mai lura, domin ana haɗa su da libgcc kai tsaye. Kanel ɗin furosesa irin x86 da na ARM ba sa jingina da ita. Shi ya sa kompaila ba ta ce uffan ba, sai da linka ta zo ɗinke fayiloli ta nemi aikin ta rasa. A ARM sunan yakan fito __aeabi_uldivmod, amma ciwon ɗaya ne.

Mai gaggawa zai ce a kwafo __udivdi3 a liƙa a huta. Kada ku soma. Da gangan aka bar gurbin, saboda irin wannan rabawar tana cin lokaci a ƙananan furosesa, ana so mai rubutu ya san ya taka ta.

Maganin yana cikin fayil ɗin kanel mai suna linux/math64.h. Idan abin da ake rabawa da shi bit 32 ne, a kira div_u64. Idan shi ma 64 ne, div64_u64. Akwai kuma tsohon do_div, wanda ya kayar da mutane da dama: amsar yana zuba ta ne a cikin lambar farko da kuka ba shi, abin da yake dawowa da shi kuma ragowa ce. Wanda ya manta haka, kanel zai haɗu lafiya lau, lissafi kuwa ya karkace, kuma wannan ya fi na farko muni tunda babu saƙon da zai tona shi.

Bayan gyara, ku sake haɗawa don na'urori masu bit 32: da ARCH=i386, sannan da ARCH=arm da kompailar da ta dace. A saƙon facin, wato gyaran da za ku aika, ku saka layin Fixes da lambar komit ɗin (canjin da aka shigar a baya) da ya jawo matsalar, ku kwafi kuskuren linka yadda ya fito, harafi da harafi.