Tsohon Maki da Sabuwar Shaida: Lacca Kan Shiga Karatun Nas Firaktishina a Amurka

Wata 'yar'uwa da ta daɗe tana aikin nas firaktishina a Amurka ce ta gabatar da wannan lacca a wani zama na ma'aikatan jinya Hausawa mazauna ƙasar. An kwafo ta daga faifan da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa. Na san wasunku daga aikin dare kuka wuto nan, ko barci ba ku yi ba. Allah ya saka da alheri.

Bari in fara da tona wa kaina asiri, don kada wani ya zauna yana jin kunyar nasa. GPA ɗina na digirin farko, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasaina, 2.6 ne. E, ku yi dariyarku. Da shi na nemi makaranta karon farko, suka amsa mini da wasiƙa mai layi uku, wai sun gode da sha'awar da na nuna. Na yi kuka a cikin mota, na share hawaye, na koma bakin aiki. Bayan shekara biyu na samu shiga, kuma har yau wannan 2.6 yana nan a takardata, bai motsa ba.

Ga waɗanda suka zo ƙasar kwanan nan, nas firaktishina, wadda ake taƙaitawa da NP, nas ce da ta yi digiri na biyu ko na dakta a fannin jinya, har ta kai ta duba majiyyaci, ta gano cutarsa, ta rubuta masa magani. A 1965 aka fara wannan tsari a Jami'ar Kolorado, inda wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka haɗa kai saboda ƙarancin likitoci a karkara. A 2023 jihar Yuta ta zama ta 27 da ta ba NP damar yin aiki da cikakken ikon kanta, ba sai likita ya sa mata hannu ba. Shi ya sa kowa ke rububin wannan karatu, kuma shi ya sa makarantu ke da damar zaɓe.

Yawancinsu sun ajiye 3.0 cikin 4.0 a matsayin mafi ƙarancin abin da za su karɓa. Tambayar da kowa ke yi mini ita ce, Anti, yaya zan ɗaga GPA ɗina ya kai 3.0? To ku fito da wayoyinku mu yi lissafi tare. Digirin farko a nan kusan kiredit 120 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. Mai 2.6 yana da maki 312 ke nan a jimlace. Kiredit nawa zai ƙara, yana cin A a kowane ɗaya ba kuskure, kafin ya taɓa 3.0? Amsa 48. Idan kowane kwas kiredit uku ne, kwas 16 ke nan. Goma sha shida! Ga aikin awa goma sha biyu, ga yara, ga kuɗin da ake jira a gida ƙarshen wata. Wanda ya ce zai bi wannan hanya, ban ce haramun ba ce, amma zai sha wuya a banza. Bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan tsohon sakamako.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, mutanen da ke zama su tace takardun nan ba hukunci suke yanke wa ƙuruciyarki ba. Tsoro ɗaya suke da shi: kada su ɗauki ɗalibar da za ta faɗi a zangon farko. A karatun gaba da digiri, makarantu da yawa suna ɗaukar abin da ya gaza B a matsayin faɗuwa, kuma faɗuwa biyu na iya sa a sallami mutum. Saboda haka abin da suke nema a takardarki shi ne shaidar cewa yau, ba shekara goma da suka wuce ba, za ki iya. Aikinki shi ne ki kai musu wannan shaida.

Shaida mafi ƙarfi da na sani ita ce ki ɗauki kwas na matakin digiri na biyu tun kafin a ɗauke ki. Jami'o'i da dama suna barin mutum ya yi rajista a matsayin ɗalibin da ba digiri yake nema ba, ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu. Akwai kwasa-kwasai uku da duk mai karatun NP sai ya yi su: ilimin yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna mai zurfi, da kuma duba majiyyaci tun daga kai har ƙafa. Na farkon nan shi ne dodon da ke kayar da ɗalibai. Shi na ɗauka. Wata huɗu ban je biki ba, ban je suna ba, har wata ƙawata ta yi fushi da ni, sai daga baya muka shirya. Na ci A. Da na sake nema, ban buƙaci doguwar magana ba, domin kwas ɗin da suke tsoron zan faɗi na riga na ci shi.

Sai dai a kula. Wannan wuƙa ce mai baki biyu. Idan kika ɗauki kwas ɗin kika ci C, kin tabbatar musu da zargin da suke yi, gara ma ba ki ɗauka ba. Kada ki yi rajista a lokacin da kike goyon jariri kina kuma aiki wuri biyu. Kuma ki tambaya tun farko ko makarantar da kike hari za ta ƙirga miki shi, domin yawanci akwai iyakar kiredit ɗin da suke yarda a shigo da shi daga waje, kuma wasu ba sa karɓar kwas ɗin da ya wuce shekara biyar.

Abu na biyu, ba kowace makaranta ce ke lissafa GPA iri ɗaya ba. Wasu kiredit 60 na ƙarshe kawai suke dubawa. Wasu kwasa-kwasan jinya da na kimiyya suke warewa su lissafa daban. Idan a ajin farko kika yi wasa, daga baya kika nutsu, irin waɗannan makarantu za ki nema. Akwai kuma masu ba da shiga bisa sharaɗi: su ce shigo, amma ki riƙe B ko sama a kwasa-kwasan farko, in kin gaza ki koma gida. Sau da yawa ba sa rubuta wannan da manyan baƙaƙe a shafinsu. Ɗauki waya ki kira ofishin ɗaukar ɗalibai, ki faɗi makinki ƙarara, ki ce me kuke ba mai irin wannan shawara? Mai tambaya ba ya ɓata. Mu Hausawa kunya ta yi mana yawa a nan wajen, muna jin kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne, aikinsu ke nan, albashi ake biyan su a kai.

Yanzu ga maganar da ta shafe mu musamman, mu da muka yi karatu a gida. A jami'o'in Najeriya ma'aunin 5.0 ake amfani da shi, kuma maki 70 shi ne A. A nan Amurka kuwa, a yawancin makarantu 70 C ne, sai mutum ya kai 90 ake ba shi A. To ka ga Ba'amurken da ya buɗe takardarki ya ga 64, 68, 71, a ransa ɗaliba ce mai rauni, alhali a can gida kina cikin na gaba-gaba. Kada ki zauna ki raba makinki da biyar ki ninka da huɗu, ki yanke wa kanki hukunci. Akwai hukumomin da ke tantance takardun ƙasashen waje, irin su WES, da CGFNS, da yanzu ake kira TruMerit, wadda yawancinmu muka bi ta hannunta kafin mu rubuta NCLEX, jarrabawar samun lasisin nas. Ki nemi tantancewar da ake bin kwas ɗaya bayan ɗaya, bayan kin tambayi makarantar wace hukuma take karɓa. Kuma ki fara da wuri, kun dai san yadda fitar da takardar sakamako daga gida take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda kuma suka fito daga makarantar koyon jinya ta shekara uku, ba su da digiri, ku kuna da wata dama da ba ku san darajarta ba. Yawancin makarantun NP suna son digirin farko na jinya, BSN, don haka za ku bi ta shirin nan na cike gurbi da ake yi wa masu lasisin RN, wato na cikakkiyar nas mai rajista. Na ga 'yan'uwa suna yin sa da sakaci, wai a dai samu takarda. Kuskure ne babba. Wannan shi ne sabon shafi, farar takarda da aka miƙo muku, kuma ita kwamitin ɗaukar ɗalibai zai fi kallo saboda ita ce ta kusa kuma a ma'auninsu take. Kowane A da kuka ci a nan yana rufe wani tsohon rami.

Jarrabawar GRE, ta neman shiga karatun gaba da digiri, ba zan daɗe a kanta ba. Makarantu da yawa sun daina nemanta, wasu kuma ga masu ƙaramin maki kawai suke nema. In an ce ki yi, ki yi. Kwas ɗin ƙididdiga ma kusan ko'ina ana nema, in naki ya tsufa ko kin ci shi da ƙyar, sake shi a kwalejin unguwa, ba tsada.

Takardar bayanin kai ita ce inda na ga mutanenmu suna kashe kansu ta hanya biyu. Wata ta yi shiru a kan makin gaba ɗaya, kamar ba za su gani ba. Wata kuma ta cika shafi biyu da labarin wahala: rasuwar mahaifi, yajin aikin malamai, rashin wuta. Duk gaskiya ne, ni ma na karanta da fitilar ƙwai. Amma jimla biyu ko uku sun isa: ga abin da ya faru, ga nawa laifin a ciki, ga abin da na yi tun daga lokacin. Sauran shafin ki ba majiyyatan da kika kula da su, da dalilin da ya sa fannin iyali kike so, ko na ƙwaƙwalwa, ko na jarirai. Mun taso ana ce mana yabon kai jahilci, na yarda. Faɗin abin da kika yi da hannunki ba yabon kai ba ne. In kin yi shekara shida a sashen kulawa ta musamman, kin horar da sababbin nas, kin ci jarrabawar CCRN ta ƙwarewa a wannan sashe, rubuta. Wasiƙun shaida kuma ki nema daga wanda ya ga aikinki da idonsa, shugabar sashenku ko NP da kuka yi aiki tare, ba wani babban mutum da sunanki ma sai an tuna masa ba.

Akwai abin da sai na faɗa ko da zai ɓata wa wasu rai. Akwai makarantun intanet da za su ɗauke ki gobe da safe, ko makinki nawa ne. Da kin cike fom, kafin ki ajiye waya sun kira ki, su yi ta kira kamar kin ci musu bashi. Ban ce duka ba su da kyau ba, na yi aiki da ƙwararru da suka fito daga irinsu. Amma ki yi musu tambayoyi kafin ki ci bashin karatu. Shin ɗaya daga cikin hukumomin tantance karatun jinya, CCNE, ACEN ko CNEA, ta amince da shirin? In babu, ba za ki zauna jarrabawar ANCC ko ta AANP ta samun shaidar zama NP ba, digirin ya zama ado a bango. Kashi nawa na ɗalibansu ke cin wannan jarrabawa a zaman farko? Jiharki ta yarda da su? Sannan babbar tambaya: wa zai samo miki wanda zai horar da ke a asibiti? Daɗaɗɗen mizani shi ne awa 500 a gaban majiyyata, kuma ƙa'idojin karatun NP na 2022 sun ɗaga shi zuwa 750. Wasu makarantun cewa za su yi ki nemo da kanki. Na san wadda ta gama duk karatun aji, ta zauna zango biyu tana bin asibitoci tana roƙo, daga ƙarshe sai da ta biya wani kamfani kuɗi ya samo mata. Ta shiga da sauri, amma na riga ta fita.

A nan wani ɗan'uwa ya ɗaga hannu ya ce shi ya sake kwas biyu da ya faɗi, kuma jami'arsa ta maye tsohon makin da sabon. Ya tambaya ko sai ya ambaci na farkon.

Malam, na gode da wannan tambaya. Jami'arka ta yafe maka, amma ba lalle wadda kake nema ta yafe ba. Makarantu da yawa ta NursingCAS, shafin haɗaka na neman makarantun jinya, ake neman su, kuma su da kansu suke sake lissafin, suna haɗa zaman farko da na biyu. Don haka kada ka yi mamaki in lambar da ta fito ta gaza wadda ka sani. Kuma ka tura takardar kowace makaranta da ka taɓa zama a cikinta, har wadda ka yi zango ɗaya ka gudu. In suka gano ka ɓoye, ba maganar maki ake yi ba kuma, maganar amana ce, a aikin da za a ba ka ikon rubuta magani. Wanda yake da takardarsa a waya ya same ni a bayan zaure bayan sallar la'asar, mu lissafa kiredit 60 ɗin nan tare.